Abincin cikin ganuwa: Yadda dala ta shiga tanderun Kano, aka kuma rufe ranakun cinikinsa

A farkon watan Fabrairun 2024, 'yan kwanaki kafin mutanen Minna su tare hanya saboda tsadar rayuwa, matan da ke gasa gurasa a unguwar Cediyar 'Yan Gurasa da ke Ƙaramar Hukumar Dala suka bar tanderunsu ya huce, suka fito titi. Farashin fulawa ne ya fito da su. Buhu mai kilo 50 ya haura naira dubu 40, alhali 'yan shekaru kaɗan kafin nan bai kai rabin haka ba. Da yawa daga cikinsu jarinsu ya karye, waɗanda suka rage kuma sun yi ta ƙanƙance gurasar har mai saye ya fara guna-guni.

A lokacin an saka labarin cikin jerin koke-koken tsadar abinci, aka wuce. Sai dai fitowar ta bankaɗo wani abu da har yau ba a zauna an duba ba. Abincin da ya bambanta Kano da sauran birane, wanda baƙo yake tambaya da zarar ya sauka, wanda kuma ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci suke dogara da shi kullum, a cikin ganuwa ake dafa shi, galibi a hannun mata, a gidajen da babu allo a ƙofarsu. Farashinsa yanzu a kasuwar canji da tashar jiragen ruwan Legas ake yanke shi, manyan ranakun cinikinsa kuma sun maƙale a rikicin sarauta. A daidai wannan lokaci ne gidajen abinci na zamani da baje-kolin girke-girke suke ta ƙaruwa a wajen ganuwa, su ne kuma idon hukuma da na masu ɗaukar hoto yake gani.

Akushi biyu a gari ɗaya

Duk wanda ya bi titin Gidan Zoo ko ya ratsa Nassarawa da Bompai bayan sallar isha zai shaida cewa cin abinci a waje ya sauya kama a cikin shekara goma. Kamfanoni masu rassa a faɗin ƙasa, irin su Chicken Republic da Domino's, sun shigo sun tarar da gidajen abincin 'yan Labanan da Sinawa da Indiyawa da suka daɗe a garin. Shawarma ta zama abincin dare na samari da 'yan mata. Matan aure masu ilimin boko suna girki a gida, suna tallatawa a Instagram da WhatsApp, ɗan aike ya kai wa mai saye a kan babur. A ƙarshen mako kuma akan kafa rumfuna a lambuna da ɗakunan taro, a biya kuɗin ƙofa, a zaga ana ɗanɗanawa. Hatta baje-kolin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar KACCIMA take shiryawa a ƙarshen kowace shekara, rumfunan abinci suna daga cikin wuraren da suka fi tara jama'a.

Wannan bunƙasa ta gaske ce, ta kuma samar wa matasa aiki. Amma masu aljihun da ke ɗauke da ita ba su da yawa. Rufe reshen Shoprite da ke rukunin shagunan Ado Bayero a watan Janairun 2024, bayan kusan shekara goma yana aiki, ya nuna iyakar ƙarfin masu sayayya irin ta zamani ko a birnin da ake yi wa kirari da tumbin giwa.

Akushi na biyu shi ne wanda yake ciyar da gari, kuma da agogo yake tafiya. Da asuba koko da ƙosai da waina. Da hantsi ɗanwake da awara. Da rana garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ko dambu, ko fura da nono ga mai son abu mai sauƙi. Da la'asar gurasa bandashe da ta sha ƙuli-ƙuli da albasa. Da magariba tukubar mai tsire da balangu ta kama, mai tuwo ta sauke, mai shayi kuma ya karɓi sauran daren. 'Yan kasuwar Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai da Kantin Kwari ba sa rufe shago su tafi gida cin abinci, kuloli ne suke biyo su daga lungunan Jakara da Koki da Yakasai da Mandawari da Gwammaja. Ma'aikatan Sakatariyar Audu Bako da na Gidan Murtala ma da irin wannan suke yin kalaci.

Lissafin ma'aikaci shi ne yake fayyace nauyin abin. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira dubu 71 ne tun ƙarshen 2024. Idan aka ɗauka, a misali, ma'aikaci yana kashe naira dubu ɗaya a abincin rana a kwanakin aiki 22, naira dubu 22 ta tafi ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin, kafin a zo maganar kuɗin mota da cefanen gida. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ruwansa da gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki. Duk naira hamsin da ta hau kan malmalar tuwo ko ƙwaryar ɗanwake, a jikinsa take sauka.

Kasuwar da ba ta cikin littafin kowa

Tsarin da yake fitar da wannan abinci tsoho ne. Mace tana cikin gida, ta dafa, yaro ko yarinya ta ɗauka ta kai kasuwa, ko masu saye su yi sallama a zaure. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta yi nazarin wannan tsari a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda cinikin matan da ke cikin kulle ya rataya a kan tallan yara, da yadda ribar take komawa ga tara kayan ɗakin 'ya'ya mata. Bayan kusan shekara hamsin, abubuwa da dama sun canza. Wayar hannu ta rage aike, ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa har mai ƙosai karɓar kuɗi ta asusun banki. Amma ginshiƙin yana nan: gida ne masana'anta, jari ƙanƙane ne, bashin ɗan kasuwar Singa ne yake riƙe da sana'ar daga buhu zuwa buhu.

Matsalar ita ce wannan kasuwa ba ta cikin littafin kowa. Tsohon birni ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi uku, Birni da Kewaye da Dala da Gwale, kuma hulɗar mai sayar da abinci da su takan tsaya ne a kan rasit ɗin haraji. Mahauta suna da Sarkin Fawa da tsarin shugabanci da ya girmi Najeriya. Masu gurasa suna da ƙungiya, shi ya sa ma aka ji muryarsu. Masu waina da tuwo da ɗanwake da alkaki kuwa kowace tana ɗakinta. Wanda ba a ƙidaya ba, da wuya a tuna da shi ranar rabo, da wuya kuma a lura ranar da ya daina.

Yadda dala ta shiga tanderu

Gurasa ita ce ta fi nuna tarihin birnin da kuma rauninsa. Sunanta ma daga Larabci ya fito, haka alkaki da alkubus. Fataken Sahara ne suka zo da su, Larabawan Turabulus da Gadamas da suka zauna a kewayen Dala da Alfindiki da Dandalin Turawa, kusa da kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da waɗannan Larabawa a zaune suna kasuwanci. Sunayen unguwanni irin su Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa suna tuna wa mutum cewa kowace al'umma da tukunyarta ta zo, Kano kuma ta karɓa ta mayar nata.

A wancan zamani alkamar gida ce ake niƙawa, wadda ake nomawa a fadamu da rani. Abinci ne na masu hali da ranakun biki. Abin da ya sauko da gurasa ta zama ta kowa shi ne fulawar kamfani, wadda ta yawaita a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa shigo da alkama daga waje ya yi araha, aka kuma kafa kamfanin niƙa fulawa a Bompai. A daidai wannan zamani ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka buɗe filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da niyyar a wadata ƙasa da alkama. Niyyar ba ta cika ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka wallafa bincike suka kira halin da Najeriya ta shiga da tarkon alkama: an saba wa jama'a da abincin da ƙasar ba ta iya noma isasshensa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, noman ya ɗan farfaɗo a Kano, sannan aka janye hanin bayan 'yan shekaru, aka koma gidan jiya.

Alƙaluman baya-bayan nan sun nuna girman giɓin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar kan noman alkama na 2021 ya nuna abin da aka girbe a jihohin da ake nomanta bai kai tan dubu 37 ba. Kano ce ta zo ta ɗaya da kimanin tan dubu 6 da ɗari 5. Abin da ƙasar take ci a shekara kuwa miliyoyin tan ne. Ma'ana, kusan kowace gurasa da ta fito daga tanderun Jakara, alkamarta ta tsallako teku, kuma da dala aka biya.

Saboda haka da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024, bugu biyu mai gurasa ta sha a lokaci guda: na canji da na dakon kaya daga Legas. Ga kara da itacen da ake hura tanderu da su, waɗanda kullum daɗa nisa suke yi da gari saboda gonakin kewayen birni sun zama filaye da gidaje. Ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ga ruwa, wanda a yawancin lungunan birni daga kurar ɗan garuwa ake saye. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasa ta kai kashi 40.87 cikin 100.

Matakan da aka ɗauka sun tsaya a saman ruwa. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa ta jiha ta rufe wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A watan Yuli Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da alkama da masara da shinkafa da wake. Gwamnatin jiha ta fara raba wa mata jarin naira dubu 50. Farashin hatsi ya sauko a 2025, magidanta sun ɗan numfasa, ko da yake manoma ne suka koma kuka. Amma naira dubu 50 kuɗin buhun fulawa ɗaya ne a farashin da ya fitar da matan titi, ragowar ba ta isa kara da yis da sukari ba. Dogaro da alkamar waje kuma yana nan yadda yake. Ranar da naira ta sake tuntuɓe, tanderu ne zai fara ji.

Birnin da ya daɗe da kalandar cin abinci

Masu shirya baje-kolin girki na zamani sukan yi magana kamar Kano ba ta da bukukuwan abinci sai da suka zo. Gaskiyar magana ita ce shekarar birni gaba ɗaya a kan tukunya aka tsara ta. A watan Muharram akwai Cika-ciki, daren da ake dafa abinci mai yawa da jelar ragon layya da aka adana, a ci a ƙoshi a bai wa maƙwabta. A watan Rabi'ul Awwal akwai Maulidi da Takutaha, ranar da jama'a suke hawa dutsen Dala, gidaje suna ta rabon abinci. A watan azumi kowane lungu yakan zama kasuwar kunun tsamiya da ƙosai da ƙanƙara tun daga la'asar. Da sallah akwai tuwon sallah da waina da funkaso da sinasir, ga suyar naman layya da dambun nama. A bukukuwan aure akwai gara, inda alkaki da nakiya da dubulan suke da gwanayensu da ake ba su aiki tun da sauran makonni.

A cikin waɗannan duka, babu ranakun da suke zuba kuɗi a hannun mai ƙaramar sana'a kamar na hawan sallah. Ranar Hawan Daushe da ta Hawan Nassarawa dubban mutane suke cika hanyoyi daga Ƙofar Kudu zuwa ƙofofin gari, hakimai su shigo daga gundumomi da mahaya da 'yan rakiya, su sauka a gidajensu na birni, kowa kuma sai ya ci. Mai zoɓo da mai tsire da mai gurasa da mai rake, har da mai sayar da ciyawar doki, akwai waɗanda a cikin waɗannan kwanaki suke haɗa jarin watanni.

Tun da Majalisar Dokokin jiha ta soke dokar masarautu ta 2019 a watan Mayun 2024, aka mayar da Sarki Muhammadu Sanusi II, Sarki Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nassarawa, shari'a ta shiga kotu, 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar wannan shekarar saboda dalilan tsaro, aka sake hanawa a sallolin 2025. A tsakiyar wannan ne, a watan Disambar 2024, hukumar UNESCO ta saka hawan sallar Kano a jerin al'adun da duniya ta gada. An sami lambar yabo a kan bikin da ba a yi. Muhawara a kan hanin ta tsaya ga 'yan siyasa da lauyoyi da masu sarauta. Babu wata hukuma da ta fito da lissafin abin da masu abinci suka rasa, domin tun farko ba a san adadinsu ba.

Ciyarwar azumi da wanda yake riƙe da ludayi

Babban taron cin abinci da gwamnati take kashe wa kuɗi a Kano shi ne ciyarwar azumi, wadda a 2024 aka yi a cibiyoyi kusan 90 a cikin ƙwaryar birni. A bisa tsari, mata ne 'yan unguwa suke dafawa, don haka shiri ne da zai iya ciyar da mabuƙata ya kuma ƙarfafa masu sana'ar girki a lokaci guda. A watan Maris na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kai ziyarar bazata cibiyar Gidan Maza, ya fito fili ya nuna ɓacin ransa da abin da ya tarar ana rabawa.

Wannan ziyara ta tabbatar da abin da masu karɓar abincin suka daɗe suna faɗa, amma ta bar tambayoyi a buɗe. Wa yake sayo kayan, a wace kasuwa, a kan nawa? Ta wace hanya ake zaɓar masu dafawa, gwaninta ko katin jam'iyya? Nawa ne yake isa hannun mai tuƙa tukunya daga cikin abin da aka ware? Shiri ne na kwana talatin da yake sayen gero da wake da shinkafa da mai da yawan gaske. Da za a wallafa sunayen cibiyoyi da adadin kayan da kowace ta karɓa, a kuma ɗauki masu dafawa daga cikin waɗanda unguwa ta san su da sana'ar duk shekara, da watan azumi ya zama lokacin da jarinsu yake ƙaruwa. Kamar yadda ake yi yanzu, rabon kyauta yakan rage wa mai koko da ƙosai ciniki ba tare da an saka ta a cikin aikin ba.

Tsafta: inda kasuwar take da laifi

Kare abincin cikin ganuwa ba zai hana a faɗi aibinsa ba. Ana soya ƙosai a bakin kwata. Ana maimaita mai har ya yi baƙi. Ana zuba koko mai zafi a leda, a naɗe tsire a tsohuwar takarda. Ba kowa ne ya san daga rijiyar da ɗan garuwa ya ɗebo ruwan da aka dama kunu da shi ba. Tallan da yake kai abincin kasuwa kuma shi ne yake hana 'yan mata da yawa zama a aji.

Kano ta riga ta ga abin da sakaci yake haifarwa. A watannin Maris da Afrilun 2021, gab da azumi, ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen gari da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sanar da mutuwar mutum 10 da kwantar da kimanin 400, wasu da ciwon ƙoda. Abin lura shi ne gubar daga manyan dillalai ta fito, mai ƙaramar sana'a ta saya cikin rashin sani don ta fi araha. Tsada takan tura mai dafawa ga kaya mafi arha, kayan da ya fi arha kuma shi ne wanda ba a san asalinsa ba.

Dattawan birni suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake shiga gida-gida ana leƙa randa da kwata. Dawo da wannan aiki yana da amfani, muddin ba a mayar da shi wata hanyar karɓar na goro ba. Binciken da ya fi tasiri shi ne wanda za a yi a Singa da Dawanau da 'Yankaba da mayankar Abbatuwa, inda kaya suke fitowa, sannan a bi mai dafawa da horo da ruwa mai tsafta kafin a bi ta da tara.

Abin da wasu biranen hamada suka yi

A kudu maso yammacin Amurka, a Jihar Arizona, akwai birnin Tuson da ke tsakiyar hamada, wanda bai kai Kano yawan jama'a ba ko kusa. A watan Disambar 2015 ya zama birni na farko a Amurka da UNESCO ta ba lambar birnin abinci. Hujjar da ya gabatar ita ce tarihin noma na sama da shekara dubu huɗu a yankin, da abincin 'yan asalin ƙasar da na mutanen Meziko, da bikin al'adu da abinci da ake yi a tsakiyar garin kowace shekara tun 1974. Tun 1983 wata ƙungiya a can take adana irin shuke-shuken da suke jure fari. Akwai ma wata tsohuwar farar alkama ta yankin da ta kusa ɓacewa, manoma da masu niƙa da masu gasa burodi suka haɗa kai suka dawo da ita kasuwa. Bayan samun lambar, aka fito da shaidar da ake ba gidajen abincin da suke amfani da amfanin gonar yankin, baƙo ya san inda zai nufa.

A 2021 birnin Buraida na Saudiyya, wanda ya shahara da kasuwar dabino, ya sami irin wannan lamba, haka Bohikon ta Jamhuriyar Benin. A shekarar ce kuma Bida ta Jihar Neja ta shiga jerin a fannin sana'o'in hannu. Ke nan abin ba ya fi ƙarfin birnin Afirka ta Yamma ba ne.

Sai dai hawan sallah ya riga ya koya wa Kano cewa lamba ba ta dafa tuwo. Abin ɗauka daga Tuson shi ne aikin da ya gabaci lambar: sun san abin da suke da shi, sun rubuta, sun haɗa manomi da mai dafawa. Akwai kuma cikas na tsarin mulki. Hukumar birni ce take neman wannan lamba, Kano kuwa ba ta da hukuma ɗaya da take magana da sunan birnin, ƙwaryarta ta rabu tsakanin ƙananan hukumomi takwas. Sai gwamnatin jiha ta tsaya a madadinsu.

Inda za a fara

Aikin farko ƙidaya ce, kuma ba ta buƙatar biliyoyi. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane gida da ake tuwon sayarwa da kowane tanderu. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da Jami'ar Bayero suna da ma'aikata da ɗaliban da za su iya tattara sunayen abinci da yadda ake yin su daga bakin tsofaffin gwanaye, tun kafin dashishi da algaragis su zama kalmomin ƙamus kawai. Sharaɗi ɗaya ne: a raba wannan rajista da ofishin haraji, in ba haka ba kowa zai rufe ƙofa.

Na biyu shi ne sayayya a dunƙule. Mace ɗaya mai sayen buhu ɗaya bashi ba ta da bakin ciniki. Ƙungiyar mata ɗari biyu da za ta sayi tirela kai tsaye daga kamfani tana da shi. Lamunin da gwamnati za ta tsaya wa irin wannan ƙungiya ya fi rabon kuɗin da yake ƙarewa a mako guda. Haka batun makamashi: tanderu da murhu masu cin itace kaɗan za su rage kashe kuɗi, su kuma rage hayaƙin da matan suke shaƙa shekara da shekaru.

Na uku shi ne alkamar Kadawa. Ba za ta ciyar da Najeriya ba, amma tan dubu shida ya isa ya riƙe wani kaso na gurasa da alkaki da funkason Kano, idan aka sami injinan niƙa da suke fitar da gari mai laushin da tanderu yake so, aka kuma yi yarjejeniyar saye da manoma tun kafin shuka. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero tana da masana a wannan fanni. Gurasar alkamar gida za ta iya zama kaya mai daraja da gidajen abincin Nassarawa za su saya da tsada, kuɗin wajen ganuwa ya shigo ciki.

Amma duk waɗannan ba za su maye gurbin ranakun da aka rasa ba. 'Yan kasuwar da suke da bakin magana a fada da gidan gwamnati, da manyan ma'aikatan da suke rubuta takardun shawara, su ne suka fi kowa cin wannan abinci, su ne kuma za su iya sa a lissafa shi idan ana auna ribar hana hawa da asararsa. Duk sallar da ta wuce babu hawa, akwai matan da suke cinye jarinsu a cikin gida, kuma ba dukansu ne suke samun mai ba su bashin buhu na gaba ba.